Kaji 50 cikin zango ɗaya: yadda muka tayar da ƙungiyar matasan manoma a makarantarmu

Duk wanda ya shiga ofishin shugaban makarantar sakandare a ƙasar nan zai ga sunayen ƙungiyoyin ɗalibai a jere a jikin bango: ta muhawara, ta 'yan jarida, ta wasan kwaikwayo, JETS ta masu sha'awar kimiyya da ƙere-ƙere, Red Cross, sai ta matasan manoma. Kowace da sunan malamin da ke kula da ita a gefe. Idan aka ɗebe MSSN ta ɗalibai Musulmi da FCS ta ɗalibai Kirista, waɗanda tun kafuwarsu a 1954 da 1957 suke da uwar ƙungiya a wajen makaranta tana bibiyarsu, saura da yawa a bangon nan suka fara, a nan kuma suka tsaya. Ta manoma ta fi kowace shan wuya, domin a makarantu da dama fartanya kayan horo ce. Yaron da aka saba miƙa wa fartanya duk ranar da ya makara, ba zai ji an kira ƙungiyar noma ya taho da gudu ba.

Tamu makarantar jeka-ka-dawo ce, ta maza da mata. Da muka zauna tayar da ƙungiyar, sai muka yanke shawarar kada a fara da gona. Kiwon kajin buroila, wato kajin nama, muka zaɓa, katan ɗaya na 'yan tsaki 50, domin shi ne aikin da ake farawa, a gama, a sayar, a ƙirga kuɗi, duk a cikin zangon karatu guda. Ɗalibi ya ga farko, ya ga ƙarshe. Masara ko gyada kuwa a zango na uku ake shuka su, ciyawa ta rufe su a dogon hutu, ranar girbi kuma 'yan ajin ƙarshe da suka yi huɗar sun riga sun bar makaranta.

Kafin a sayi ko ƙwayar abinci, takarda aka fara rubutawa. Shafi ɗaya ce zuwa ga shugaban makaranta, an faɗi abin da za a yi, da ɗakin da ake nema, da inda kuɗi zai fito, da wanda zai riƙe makulli. Muka ce masa, "Ranka ya daɗe, amincewar nan muna son ta a rubuce, da hatimi." Wannan ba rashin yarda ba ne. Makarantun gwamnati da yawa an hana su karɓar kuɗi daga hannun ɗalibai, kuma ana yi wa shugabanni canjin wurin aiki a tsakiyar shekara. Wanda ya zo daga baya, idan ya tarar da kaji a harabar makaranta da littafin kuɗi a hannun yara, takardar nan ce za ta yi magana. An kai kwafinta ga kwamitin iyaye da malamai, kuma daga wurinsu jarin farko ya fito, a matsayin rance da za a mayar bayan an sayar. Kowane ɗalibi kuma sai da ya kawo takardar yardar mahaifi ko mai riƙonsa, wadda aka rubuta a fili cewa wani lokaci za a buƙaci ya zo ranar Asabar ko Lahadi. Ga 'yan mata wannan takarda wajibi ce, tare da malama mace a cikin masu kula da ƙungiyar. In babu malama, iyaye ba sa barin 'ya'yansu mata su tsaya bayan an tashi, kuma suna da gaskiya.

Ranar da aka yi sanarwa a asambili, aji ya cika ya batse. Kada wannan ya ruɗi kowa. Ba mu rubuta sunan kowa a ranar ba. Aka ce duk mai so ya zo ranar Laraba da tsintsiya, za a share tsohon sito. Laraba biyu aka yi ana shara, da wanki, da toshe ramukan ɓera da siminti, waɗanda suka zo duka biyun su aka ɗauka. Mun tsayar da adadi a 28, wato rukuni 7 na mutum hurhuɗu, kowane rukuni da ranarsa a mako. Rukunan Asabar da Lahadi an cika su da yaran da gidajensu ke kusa da makaranta, masu zuwa da ƙafa. Wanda sai ya hau mota biyu kafin ya iso, ko ya rantse zai zo, ranar da babu kuɗin mota kaji ne za su kwana da ƙishirwa.

Wurin zaɓen shugabanni ne ƙungiyoyi da yawa suke haƙa wa kansu rami. Al'adar makaranta ita ce a ba 'yan SS3 komai, saboda su ne manya. To amma ɗan SS3 daga zango na biyu hankalinsa ya koma kan JAMB, WAEC na jiransa a Mayu da Yuni, NECO na biye. Yana fita, ƙungiya ta bi shi, har da littattafanta. Mu ɗan SS2 muka ba shugabanci, mataimaki daga SS1, 'yan SS3 suka zama masu ba da shawara. Muƙamai biyar kawai: shugaba, mataimaki, sakatare, ma'aji, da mai kula da sito. Ma'aji littafi yake riƙewa, kuɗi kuwa suna ofishin mai kula da kuɗin makaranta, ba a fitar da ko sisi sai da sa hannun ma'aji da na malami. Bai dace a ɗora wa yaro ɗan shekara 16 nauyin yawo da kuɗin mutane a aljihu ba.

Sai lissafin kalanda, wanda a ganina shi ne rabin aikin. Zango mako 13 ne ko kusa da haka, makonni biyun ƙarshe na jarrabawa ne, mako biyun farko kuma ɗalibai ba su gama dawowa ba. Buroila tana son mako 6 zuwa 7. Daga ƙarshe ake ƙirgowa baya: idan ana so a gama sayarwa kafin jarrabawa ta fara a mako na 12, dole 'yan tsaki su sauka a mako na 4. Zangon farko, Satumba zuwa Disamba, shi ya fi dacewa. Ruwa ya ɗauke, zafi ya fara sauka, ga kasuwar ƙarshen shekara. A zango na biyu ana rainon 'yan tsaki cikin tsananin hunturu, gawayi ya ci kuɗi, sannan kajin su yi nauyi daidai shigowar zafin Maris, lokacin da buroila ke faɗuwa ta mutu da rana tsaka. A duba kuma hutun tsakiyar zango, da ranakun wasannin gidaje, da inda azumi da salla suka faɗo a shekarar, tunda kowace shekara suna matsowa da kwana 10 ko 11. Duk ranar da makaranta za ta kasance a rufe, a rubuta sunan wanda zai zo tun kafin a biya kuɗin kaji. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗakin da muka samu mita 2 ne da mita 3, ya ishi kaji 50 har su girma, don ana lissafa kaza 8 zuwa 10 a kowace murabba'in mita. Tagogi aka sa musu ragar waya, aka tanadi tamfol na rufewa da dare. Bayan wanki da omo, aka fesa Izal, aka bar ɗakin mako guda ya sha iska. Shimfiɗar ƙasa ɓuntun shinkafa ce ko dusar katako mai manyan ɓawo, irin wadda injin fere katako ke zubarwa, kaurin yatsu huɗu, wajen santimita 5 zuwa 8. Garin zarto mai laushi ba a sa wa 'yan tsaki, suna ɗaukarsa abinci su ci ya toshe musu ciki. A tsakiyar ɗaki aka kewaye da'ira da kwali mai tsayin rabin mita, faɗinta kamar mita ɗaya da rabi. Da'ira ake yi, ba mai kusurwa ba, domin idan sanyi ya taɓa su, a lungu suke taruwa su hau kan juna, na ƙasa su mutu. A kan shimfiɗar aka baza tsofaffin takardu don kwana ukun farko. Mazubin ruwa ƙanana 3, farantan abinci 3, kurfoti ɗaya, fitila mai caji, ma'aunin zafi, da sikeli na rataye. A bakin ƙofa kuma roba mai faɗi da ruwan Izal, da silifas biyu da ba sa fita ɗakin.

Yawancin 'yan tsakin da ake sayarwa a Arewa daga kamfanonin ƙyanƙyasa na Kudu suke zuwa, musamman yankin Ibadan, sun kwana a mota. Idan dillali ya ba ku zaɓi tsakanin farkon mako da Juma'a, ku ɗauki farkon mako, don kwanakin da suka fi haɗari su faɗo lokacin da makaranta ke cike da idanu. Awa uku kafin su iso aka hura gawayi a waje, sai da ya daina hayaƙi ya yi ja sannan aka shigar. Ɗalibai suka jeru, ana ɗauko ɗan tsako ɗaya bayan ɗaya daga katan, a duba cibiyarsa ta bushe, ƙafafunsa a miƙe, idonsa a buɗe, a tsoma bakinsa a ruwan gulukos, a ajiye. Nan za ka ga yadda yake ɗaga kai sama yana haɗiya, sannan ya koma da kansa ya ƙara. Ruwa ake fara ba su, abinci ya biyo bayan awa ɗaya ko biyu. Aka ɗora su duka a sikeli, aka raba: giram 40 ko kusa da haka kowanne. Wannan lamba ce ta farko a littafin sakatare. Washegari da safe aka ɗauki goma aka shafa jakar abincin da ke ƙasan wuyansu. Idan tara ko goma a cike take da laushi, sun gano abinci da ruwa. Idan da tauri, suna ci ba sa sha. Idan babu komai, a ƙara haske da farantai.

Zafin da ake nema a makon farko digiri 32 zuwa 34 ne a daidai tsayin bayan ɗan tsako, ana rage kamar digiri 3 duk mako. Amma abin da muka fi koya wa yaran shi ne karanta kajin kansu. Sun dunƙule a gindin kurfoti suna kuka mai ƙarfi: sanyi. Sun gudu jikin kwali, baki a buɗe, fukafukai a sake: zafi ya yi yawa. Sun tattaru gefe ɗaya: iska na shigowa ta wata kafa. Sun bazu ko'ina, wasu na ci, wasu na barci: daidai ke nan. Kuma komai sanyi, ba a toshe ɗaki ruf. A bar tazarar tafin hannu a saman tamfol, domin gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe kaji, tana kuma iya kayar da wanda ya shiga da asuba.

Dare shi ne abin da babu ɗalibin jeka-ka-dawo da zai iya. Kwana 14 na farko gawayi na buƙatar ƙari wajen ƙarfe 10 na dare da kuma kafin asuba, lokacin da sanyi ya fi sauka. Maigadi ne kaɗai ke wurin. Mun je mun same shi da shugaban ƙungiya, muka ce, "Baba, ga wata alfarma muna nema, kuma ba kyauta za ka yi mana ba." An sa alawus ɗinsa cikin kasafi tun farko, da kaza ɗaya ranar sayarwa, aka nuna masa alamomin nan huɗu, aka ba shi lambar wayar malamai biyu. Ƙungiyar da ta manta da maigadi a lissafinta, a makon farko take asarar kajinta.

Aikin rukunin kowace rana sau uku ne: ƙarfe 7 kafin asambili, lokacin tara, da bayan an tashi. Ba a taɓa fitar da ɗalibi daga darasi saboda kaji, domin ranar da malamin lissafi ya kai ƙara cewa 'yan ƙungiya na gudun ajinsa, daga ranar ƙungiyar ta fara mutuwa. Na bayan tashi ma minti 30 ne, tunda yawancinsu suna da Islamiyya da yamma. Da safe a wanke mazuban ruwa da soso, a zuba sabo, a auna abinci a sikeli kafin a zuba, a kwashe duk inda shimfiɗa ta jiƙe, a ƙirga kaji. A jikin ƙofa akwai takarda mai layi: kwanan wata, kaji nawa, kilo nawa aka zuba, an ga wani abu ko ba a gani ba, sa hannu. Mutum biyu ne ke shiga, biyu na miƙo kaya daga waje. Baƙi ba sa shiga, ko da malamai ne, ta taga ake kallo. Dalili kuwa kusan kowane gida akwai kajin Hausa, kuma cuta a tafin takalmi take tafiya. Tun da aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gona a jihar Kaduna a 2006, masu kiwo a ƙasar nan suka san abin da ƙafar baƙo ke jawowa. Yaron da kaji ke mutuwa a gidansu, ya faɗa, a ɗauke masa shiga ɗaki na mako biyu ba tare da wani faɗa ba. In ana yi musu faɗa, ɓoyewa za su yi.

Abinci shi ke cin kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin kiwon. Buroila ɗaya tana cin kilo 4 zuwa 4 da rabi kafin mako na 7, wato kaji 50 buhu 9 na kilo 25: sitata (abincin 'yan tsaki) 3, finisha (abincin manyan kaji) 6. Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne a sayi kaji da buhu biyu, a ce sauran Allah zai kawo. A makon farko duk garken bai cinye kilo 10 ba, sai kowa ya saki jiki. A mako na 6 kuwa suna tashi da kilo 8 zuwa 9 a rana, buhu guda kwana uku. Nan ne kuɗi ke yankewa, a fara haɗa musu da dusa, girma ya tsaya, ribar ta tafi. Mu ba mu biya kuɗin 'yan tsaki ba sai da kuɗin buhu 9 suka cika a hannu. Ba a saye su duka rana ɗaya ba, don abinci na lalacewa idan ya daɗe. Uku-uku ake ɗaukowa, a duba ranar da aka yi shi a jikin buhu, a ɗora kan katako nesa da bango. Sauyi daga sitata zuwa finisha kwana uku ake yi ana gaurayawa, kashi ɗaya cikin huɗu, sannan rabi, sannan uku cikin huɗu. Sauyin rana ɗaya na kawo zawo. Daga mako na 2 a cire farantai a sa manyan mazubai, ana ɗaga su daidai bayan kaza, kada a cika su fiye da rabi, in ba haka ba da baki za su watsar da kuɗinku a ƙasa. Ruwa kuwa suna shan kusan ninki biyu na abin da suka ci, lita 16 zuwa 20 a rana idan sun girma, fiye da haka in ana zafi. Makarantar da famfonta ke yin kwana biyu bai kawo ba, ta ajiye duro mai murfi.

Rigakafi biyu ne ba a wasa da su: Gumboro, da Lasota wadda ke kare su daga cutar nan mai murɗe wuyan kaza. Jadawalin da muka bi shi ne Gumboro a kwana na 7 da na 21, Lasota a kwana na 14 da na 28, amma a tambayi likitan dabbobi na yankin, domin wasu suna sauya jerin gwargwadon abin da aka yi wa 'yan tsakin a kamfani da cutar da ke yawo. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin waɗannan magunguna, akwai kuma na waje a shaguna. Kowanne ne, a saye shi a inda firji ke aiki, a ɗauko shi cikin kula da ƙanƙara. Maganin rigakafin nan mai rai ne, zafi na kashe shi, sinadarin da ake sa wa ruwan famfo ma na kashe shi. Don haka ruwan rijiya ko na burtsatse ake amfani da shi, a zuba madarar gari kamar giram 2 a kowace lita, a jira minti 15, sannan a buɗe kwalbar a cikin ruwan. Da sassafe ake yi, bayan an janye musu ruwa na awa ɗaya zuwa biyu don su ji ƙishirwa. Rabin lita ya ishi kaji 50 a kwana na 7, lita ɗaya a na 14, a ƙara kaɗan a na gaba, a raba a mazubai da yawa don kowa ya samu, su shanye cikin awa ɗaya ko biyu. Ranar ba a wanke mazubai da Izal ko omo, ruwa zalla. Wannan shi ne abin da ɗalibi mai tsafta ke ɓatawa da kyakkyawar niyya, don haka ranar rigakafi malami na tsaye. Abin da ya rage ba a ajiye shi don gobe, a ƙona kwalbar ko a binne.

A mako na 4 da zuwan kajin muka ga abin da ake gudu. Wata ɗaliba ta rukunin Talata ta zo ofis ta ce, "Malam, akwai kashi mai ja-ja a gefen mazubin ruwa, kuma guda biyu sun takure." Kashin jini ne, kuma musabbabinsa a bayyane yake: mazubi ɗaya ya tsage yana ɗiga, shimfiɗar ƙarƙashinsa ta jiƙe ta yi ɗumi, ƙwayar cutar kuwa irin wurin da take so ke nan. Aka ware biyun a kwando, aka kwashe jiƙaƙƙen ɓuntu aka zuba busasshe, aka sauya mazubi, likita ya rubuta maganin amprolium a ruwa. Saboda an gani da wuri, abin bai yaɗu ba. Daga nan muka ƙara doka: kowace safiya a damƙi shimfiɗa a hannu, idan ta dunƙule ba ta warwatse ba, ta jiƙe. Idan kuma ka durƙusa daidai tsayin kaza ka ji wari na yaji a ido, iska ta yi kaɗan, a ɗaga tamfol. Mutuwar kaza 2 ko 3 cikin 50 ba abin tayar da hankali ba ne, kuma gara a faɗa wa yara haka tun farko, domin wanda aka yi mutuwar a ranarsa yakan ɗauka laifinsa ne. Amma in suka fara zubewa da yawa a yini ɗaya, a kulle ɗaki, kada kowa ya taɓa, a kira likitan dabbobi. Mushe binne shi ake yi da zurfi. Wani abu kuma da nake so kowane malami ya tsaya a kai: kowane magani yana da kwanakin da ake jira kafin a yanka kaza, an rubuta a jikin kwali. A koya wa yara karantawa da kiyayewa, domin mutane ne za su ci naman nan.

Taron Laraba na awa ɗaya ne, kuma ba lacca ake yi ba. A kamo kaji 10 ba tare da zaɓe ba, a auna, a fitar da matsakaicin nauyi, a ɗiga a jadawalin da aka zana a kwali. A kwana na 7 ana so nauyi ya ninka na ranar farko sau huɗu. A mako na 6 kilo 2 ko sama da haka. Sai a raba kilon abincin da aka ci da kilon naman da aka samu. In ya tsaya wajen 2 ko ƙasa da haka, ana kan hanya. In ya haura sosai, ko abinci na zuba, ko ɓera na ci, ko wani na ɗiba. Yaran da ke tsoron lissafi a aji, a nan za ka ga suna gardama a kan ɗigo. Ma'aji ya karanta abin da ya shiga da abin da ya fita, da babbar murya, kowa na ji. 'Yan ƙungiyar jarida suna karɓar rahoton su karanta a asambilin Litinin, wannan kuma ya sa tun kafin kaji su isa sayarwa duk makaranta ta san nauyinsu.

Sayarwa tana da nata tarkon, sunansa "sai an yi albashi". Malamai su ne kasuwar farko, kuma ɗalibi ba zai iya bin malaminsa bashi ba. Saboda haka tun mako na 5 aka buɗe rijista: mai so ya rubuta suna ya ba da rabin kuɗi, ya cika ranar ɗauka, ba a fita da kaza sai da rasit. Shugaban makaranta ne ya fara biya a gaban kowa, bayan haka babu wanda ya nemi alfarma. An daidaita ranar da ƙarshen wata. Farashi kuma sai da aka fitar da abin da kowace kaza ta ci, har gawayi da kuɗin mota da alawus ɗin maigadi, sannan ɗalibai biyu suka je kasuwa suka jiyo yadda ake sayarwa. Cikin kwana uku zuwa huɗu ake so a kwashe duka, domin bayan mako na 7 kaza na cin fiye da abin da take ƙarawa, kowace rana ta ƙari daga riba ake cire ta. Da aka gama, aka fara mayar da rance. Abin da ya saura aka kasa uku: kashi biyu jarin zango mai zuwa, kashi ɗaya aka sayi littattafan rubutu da takalman roba na ƙungiya, aka yi ɗan walima. Ba a raba kuɗi a hannu.

Takin da aka kwashe daga ɗakin shi ya buɗe aikin zango na biyu. Ba a zuba shi ɗanye, yana ƙona shuka. An tara shi a inuwa, ana yayyafa ruwa ana juyawa duk mako, har mako 4 zuwa 6, ya daina zafi da wari. Aka ja fangali 10, kowanne mita 1 da mita 3, aka sa salak da karas saboda suna son sanyi, alayyafo kuma aka jira sanyi ya sassauta, don a hunturu ba ya sauri. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai an gauraya da yashi kafin a watsa, kuma cikin mako 4 ake tuge shi. Kowane fangali na shan lita 10 da safe, 10 da yamma, wato duro guda na lita 200 kullum. A yi wannan lissafi kafin a ja fangali na 11. Shinge kuma kafin shuka ake yin sa, ba bayan awakin unguwa sun gano wurin ba.

A makon farko na zango na uku aka yi zaɓe, tun tsofaffin shugabanni suna nan. Mataimaki ya hau, aka zaɓo sabon mataimaki daga 'yan aji na ƙasa. A gaban mataimakin shugaban makaranta aka ƙirga kaya ɗaya bayan ɗaya: mazubai, sikeli, kurfoti, fitila, makullai biyu, littafin kuɗi, littafin sito, da takardun jikin ƙofa na kwana 49 an ɗinke su wuri guda. Mai bayarwa ya sa hannu, mai karɓa ya sa hannu. Sabon sakatare kuma aikinsa na farko shi ne ya karɓo kalandar shekara mai zuwa daga ofis, ya nemo mako na 12 na zangon farko, ya fara ƙirgowa baya.